Inda Motar Gwamnati Take Kwana

A garinmu Oke-Idera, in ka tambayi gidan Ladejo Oyewusi sai mutane su yi ta kallon-kallo, amma in ka ce Baba Landan, ko makaho ya kai ka ƙofar. Kwana goma sha ɗaya ya taɓa yi a Ingila, lokacin da yake wanke-wanke a wani jirgin ruwa mai dakon koko, kuma shekara ashirin ke nan bai gama ba da labarin kwana na uku ba. A ranar ne, in ji shi, ya shiga wani katafaren gidan wasa ya kalli abin da ake kira opera, wasan da ba a magana a cikinsa sai waƙa: mutum zai nemi ruwan sha da waƙa, za a kashe shi da waƙa. Wani abokin aikinsa na jirgi ya taɓa tsegunta mana cewa fakewar ruwan sama Ladejo ya shiga yi, kuma ba a je ko'ina ba aka fito da shi. To amma mutumin ya rasu, ya bar Baba Landan da labarinsa ba mai ja.

Daga wannan tafiyar ya dawo da abu biyu, sunan da kuma gashin baki. Gashin bakin nan kuwa ya fi komai daraja a wurinsa. Kullum da safe sai ya shafe shi da man kaɗanya, ya murɗe bakin kowane ɓangare ya kalli sama, sannan ya fito ya fara gyara wa mutane rayuwa.

Shekarar da kuɗin mai suka yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta kai su, sai hukumar raya al'adu ta jiha ta aiko da takarda. A kowace gunduma za a zaɓi ƙungiyar fasaha guda ɗaya, a ba ta sabuwar babbar mota ta yawon wasa gari-gari, da tallafi duk shekara. Za a turo jami'i ya zo ya gani da idonsa. Muna da 'yar ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo, wadda takan nishaɗantar da mu lokacin Kirsimeti da Babbar Salla a ɗakin taro na gari, sai dai shugabanta ya koma Ikko neman abinci. Kafin a gama shawarar wa zai riƙe ta, Baba Landan ya riga ya cike takardar ya aika.

Kashegari ya fito da sabon gatari da ƙatuwar guduma, ya tsaya a kan matarsa Iya Folu, wadda take tuƙa amala a rumfarta da ke jingine da katangar gidan.

"Iya Folu, kwashe tukwanenki."

"In kai su ina?"

"Duk inda kika ga dama. Ta nan mota za ta riƙa shiga."

Ta ɗago, muciya a hannu. "Wace motar, Baban Folu?"

"Motar gwamnati mana. Ko so kike ta kwana a titi raɓa ta lalata mata fenti?"

"An ba ka ne?"

"An ba ni, ba su dai sani ba tukuna."

Raimi mai gyaran keke, wanda shagonsa ke kallon gidan, ya ajiye loma ya ce, "Baba, ni da ka bari ta iso ka auna faɗinta. Kada ka rushe katanga a kawo maka amalanke."

Masu cin amala suka bushe da dariya. Baba Landan ya murza gashin baki, ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Ku shaida. In ban ci motar nan ba, a kai ni tsakiyar kasuwa ranar da take ci, a aske wannan gashin bakin a gaban kowa."

"Mun shaida!" in ji Raimi. "Ni zan biya wanzamin."

Kafin azahar katanga ta zube, kaji sun watse cikin unguwa, Iya Folu kuwa ta koma sayar da amalarta ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tana tuƙi tana ambaton sunan mijinta da na kakanninsa.

Wasan da ya tsara sunansa Hawayen Sarki. Labarin ba shi da wuya: wani sarki ne da 'yarsa tilo, maciji ya sare ta a bakin rijiya, ta mutu, sarki ya yi kuka. Shi ke nan. Sarkin kuwa ba sai an faɗa ba, Baba Landan ne. 'Yar sarki aka ba Asake, amaryar gidan Balogun, ɗaya daga manyan masu sarautar garin, yarinya mai murya kamar ta tsaya ka yi ta ji.

"Mutuwar taki minti arba'in za ta ɗauka," ya gaya mata ranar gwaji na farko.

"Baba, wane irin maciji ne wannan mai haƙuri?"

"Macijin Landan. A can na ga mace ƙatuwa an soka mata wuƙa, ta yi awa guda tana waƙa kafin ta faɗi. Ku nan ba ku iya mutuwa ba, da an taɓa ku sai ku zube kamar buhun gari."

Daga nan ya juya kan makaɗin ƙungiyar, tsoho Ayandokun, wanda ya shekara talatin yana yi wa 'yan wasanmu kiɗa da ɗan kalangunsa guda ɗaya. Tsohon nan in ɗan wasa ya ɗaga gira ya san abin da zai kaɗa. Baba Landan ya dube shi sama da ƙasa.

"Baba, kai kaɗai ne?"

"Ni kaɗai nake yi tun kana jirgi."

"A Landan mutum arba'in na ƙirga suna kiɗa. Ba zan kawo jami'in gwamnati ya tarar da tsoho ɗaya da kalangu ɗaya kamar gidan makoki ba. Na ɗauko Ayanlowo da yaransa shida."

Ayandokun ya ce, "Ayanlowo ɗan ƙanena ne, ni na koya masa riƙe gular kiɗa, kuma duk ƙasar nan ba wanda ya kai shi. Amma makaɗin biki ne, Ladejo. Ni ɗan wasa nake kallo. Shi ƙofa yake kallo."

"Ya kalli tagar ma in ya so. Hassada ce ke damunka."

Tsoho ya rataya kalangunsa ya tafi.

Ayanlowo kuwa ba a faɗa masa ƙarya ba. Babu gidan da bai san takensa ba a gundumar nan. Ya hango ka daga nesa, kalangunsa zai fara kiran sunan kakan kakanka, da yaƙin da ya je, da gonar da ya sara, har sai ka ji kanka ya kumbura ka sa hannu a aljihu ka liƙa masa kuɗi a goshi. A wurin gwaji ba a sami matsala da shi ba ko kaɗan, don ba mai shigowa sai akuyar mai gadi. Abu ɗaya kawai aka gyara. Yaran sun zauna suna fuskantar dandamali, Baba Landan ya daka musu tsawa.

"Ku juya! A Landan makaɗa ba sa kallon 'yan wasa. A ƙasa suke zama, a gaban dandamali."

"To ina za mu kalla, Baba?" in ji Ayanlowo.

"Gabanku."

Suka juya. Gaban nasu kuwa ƙofar shigowa ce.

Saura gayyata. Baba Landan ya buga kati goma sha biyu ya kai wa manyan gari da hannunsa, kowane kati an rubuta cewa mai shi ne babban baƙo na musamman. Iya Folu ta ga ragowar katin a kan tebur, ta sa Raimi ya karanta mata, ta riƙe haɓa.

"Duk su goma sha biyun?"

"Wannan ita ake kira siyasa. Kowa zai zo."

"Za su zo mana. Amma kai ka taɓa ganin babban baƙo ya riga wani zuwa? Kowa zai zauna a gida ya tura a leƙa masa ko ɗan'uwansa ya iso. Sai gobe za su gama shigowa."

"Ke amala kika sani. Ki bar wa masu fasaha fasaharsu."

Ranar Asabar, ƙarfe biyu daidai kamar yadda kati ya ce, wata ƙaramar mota ta tsaya a ƙofar ɗakin taro. Wata 'yar siririyar mata ta fito, da tabarau da littafi a hannu, ta ce ita ce Madam Fadipe daga hukumar. Talakawa sun cika benci har taga, masu gyaɗa da masu lemo na ta ciniki, amma kujeru goma sha biyun da aka jera a gaba babu kowa a kai.

Baba Landan ya tarbe ta da Turancin jirgi, ya ce ta ɗan huta manyan baƙi na hanya.

Ta dubi agogo. "Kati ya ce ƙarfe biyu. Ƙarfe biyar zan kama hanyar Ibadan. Abin da na gani kafin lokacin shi zan rubuta."

"Haka muke yi a Landan!" in ji shi. Ya ruga bayan labule ya saka alkyabbar da aka ɗinka da labulen ɗakin Iya Folu, ya ɗora kambin sarauta da ya haɗa da kwali da duwatsun ado, har da igiyoyin da ke sauka su rufe fuska irin na sarakunanmu.

Gaskiya farkon wasan bai yi muni ba. Aka ja labule, kalangu bakwai suka ɗauka a tare, sarki ya fito yana taku ɗai-ɗai, ya buɗe baki ya fara waƙar yabon 'yarsa. Muryar dai ta mai tallan kananzir ce, amma kiɗan ya rufa masa asiri. Madam Fadipe ta rubuta wani abu a littafinta. Baba Landan ya hango ta ta cikin igiyoyin kambi, ya ji kamar har ya riƙe sitiyari.

Yana tsakiyar baiti na uku, ya ja numfashi zai hau sama, sai kiɗa ya ɗauke ɗif. Ya ji muryarsa ita kaɗai tana yawo a ɗakin. Kafin ya waiga, kalangu bakwai sun ɓarke da wani take dabam, Ayanlowo da yaransa sun miƙe sun yi ƙofa. Alhaji Salawu mai motocin haya ne ya iso, babbar riga har ƙasa. Suka kewaye shi, suka rako shi taku ɗaya rawa biyu, yana ɗaga wa jama'a hannu yana liƙi, sai da aka ci minti goma kafin ya kai kujerarsa.

"Ayanlowo!" Baba Landan ya yi raɗa mai ƙarfi daga kan dandamali. "Me ke nan?"

"Baba, Alhaji ne fa."

"Na ga Alhaji ne! Wasa muke yi!"

"To in bar shi ya shigo shiru kamar ɓarawo? Gobe da wane ido zan kalle shi? Ɗauko daga inda ka tsaya."

Ya ɗauko daga inda ya tsaya. Ya yi baiti biyu, Iyaloja shugabar matan kasuwa ta iso da mata takwas masu anko. Ita da ta ji an yi wa Alhaji minti goma, ta rantse ba za ta zauna ba sai an yi mata ashirin. Matan benci suka miƙe suna taya ta rawa. Sarki na tsaye a kan dandamali, hannu ɗaya a sama inda waƙa ta bar shi, ya rasa ko ya sauke ko ya bari.

"Baba Landan, sauke hannun ka huta!" Raimi ya ƙwala daga baya. "A Landan ma ana hutun rabin lokaci!"

Haka aka yi ta yi. Shugaban makaranta ya shigo, aka tsaya. Mai gidan burodi ya shigo, aka tsaya. Wani ma ba ya cikin goma sha biyun, kawai sabuwar hula ya saka, Ayanlowo ya ce ba a sani ba ko ya yi kuɗi ne, aka tsaya. Duk lokacin da ƙofa ta yi ƙara sai Baba Landan ya haɗiye waƙarsa. Ya lura har 'yan kallo sun juya benci rabi-rabi, don abin da ake yi a ƙofa ya fi na dandamali daɗi.

Ƙarfe huɗu saura kwata ya yanke shawarar tsallake fage uku a tafi kai tsaye wurin maciji. Asake ta fito da tulu, aka jawo macijin da zare, wanda tsohuwar tayar keke ce da Raimi ya ba da aro aka yi masa ido da alli. Ya sare ta. Yarinyar nan ta fara waƙar mutuwa, kuma wallahi ɗakin ya yi tsit, har masu gyaɗa suka daina ɓarewa. Ta durƙusa, ta kwanta, muryarta na ƙanƙancewa. Baba Landan ya gutsure mata minti talatin daga cikin arba'in ɗin, ya yi mata alama ta cika. Ta cika. Ya tsuguna a kanta, ya buɗe hannuwa zai fara babbar waƙarsa, wadda saboda ita aka yi wasan gaba ɗaya.

Ƙofa ta buɗe. Balogun ne, surukin Asake.

Kalangu suka tashi. Gawa ta buɗe ido ɗaya, ta ga wanda ya shigo, ta yi zumbur ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta zube gwiwa biyu a bakin dandamali.

"Sannunku da zuwa, Baba. Kun zo lafiya?"

Ɗakin ya kece. Wata tsohuwa ta faɗo daga benci don dariya.

"Kwanta!" in ji Baba Landan cikin haƙora. "Kin mutu!"

"Baba, uban mijina ne. In yana tsaye ina kwance, a wane gida zan kwana yau?"

Balogun ya dakatar da kiɗa da sandarsa, ya ƙare wa dandamali kallo. "Ladejo, me matar ɗana take yi a ƙasa?"

"Mutuwa take yi, ranka ya daɗe. Ta wasa ce."

"Ta wasa? Yarinyar da ko shekara ba ta yi a gidana ba kake yi wa fatan mutuwa a bainar jama'a? A kawo mata kujera. In mutuwar dole ce ta yi ta a zaune."

Aka kawo kujera. Asake ta zauna, ta harɗe hannu a cinya, ta rufe ido, amma duk sanda surukin ya yi tari sai ta buɗe ta ce masa sannu. Baba Landan ya share gumi da labulen matarsa. Ƙarfe huɗu da rabi. In dai ya samu ya rera waƙar nan har ƙarshe, ya gaya wa kansa, sauran duk za a manta. Ya tsaya a kan gawar da ke zaune, ya cika ƙirji da iska.

Sai aka ji kakaki a waje.

Kabiyesi, sarkin garinmu, da kansa. Ya zauna a fada tun ƙarfe biyu yana aike, sai da aka tabbatar masa goma sha ɗaya sun shiga sannan ya taso. Maza duk suka zube rub da ciki, mata suka durƙusa, gawa ta sauko daga kujera ta bi sahu. Mutum ɗaya ne ya rage a tsaye a ɗakin nan, a saman dandamali, da kambi mai igiyoyi a kansa, baki buɗe.

Babban dogarin fada ya nuna shi da sanda. "Kambi biyu a ɗaki ɗaya? Wane ne wancan sarkin, kuma yaushe aka naɗa shi ba mu ji ba?"

"Sarkin Landan ne!" in ji Raimi daga ƙasa.

Baba Landan bai san lokacin da ya yi tsalle ya zube ba. Kambin ya fice daga kansa, ya gangaro daga dandamali, ya yi ta birgima a tsakanin benci yana zubar da duwatsu, bai tsaya ko'ina ba sai a gaban takalmin Kabiyesi. Sarki ya taɓa shi da yatsan ƙafa, ya juya shi, ya karanta abin da ke rubuce a cikin kwalin.

"Madarar gwangwani," ya ce. "To, masarautar taka ba za ta yi yunwa ba. Tashi ka ci gaba, mu ma mun zo kallo."

Nan fa Ayanlowo ya duba ya ga manya sun ƙare, kowa ya sha takensa, saura mutum ɗaya a jerin gaba da ba a kaɗa wa komai ba. Wannan abin kunya ne a sana'arsa. Tun da rana ya riga ya sayi goro ya ba direban Madam Fadipe, ya ji 'yar wane gida ce. Ya matso gabanta a hankali, ya rage sauti, ya matse kalangu a hammata, ya fara kiran gidan masaƙan garin Iseyin: kakanta da ya saƙa wa sarakuna uku riga, da mahaifinta mai hannun hagu wanda zarensa bai taɓa tsinkewa ba, da sunan da uwarta take kiranta da shi tana goye.

Alƙalami ya tsaya a hannunta. Ta cire tabarau. Matar nan da ta shigo fuska kamar ta mai karɓar haraji, sai ga hawaye shar-shar. Ta ajiye littafin a kujera, ta miƙe, ta fara taka rawar gidansu, kafaɗa na rawa tana kuka, ta buɗe jaka tana liƙi ba ta ko duba abin da take cirowa.

A daidai lokacin Baba Landan ya samu ya tashi, ba kambi, ba kiɗa, ba gawa, ya rufe ido ya saki waƙarsa iya ƙarfinsa. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Da ya kai ƙarshe ya buɗe ido, abin da ya fara gani shi ne jami'ar gwamnati tana sharɓar kuka. Daɗi ya kama shi.

Ƙarfe biyar ta fito, ido jawur. Ya tare ta a bakin mota.

"Madam, yaya kika gani?"

"Rabona da kuka irin wannan tun ranar da aka binne mahaifina," ta ce. "Na gode da ka kawo ni garin nan."

Mako shida Baba Landan bai bar kowa ya sha ruwa ba. Ya sa aka share filin da katanga ta bari, aka zuba tsakuwa, aka kafa rumfar kwano. Ya ɗinka hular direba. Ya fara rubuta sunayen waɗanda zai rage wa hanya da waɗanda ko sun ɗaga hannu ba zai tsaya ba, Raimi ne na farko a layi na biyu.

"Kun ga hawayen da idonku," yakan ce. "Mace mai digiri biyu! Da muryar nan na narkar da ita."

"Baban Folu," in ji matarsa, "ni fa inda nake tsaye, ba kai take kallo ba."

"Kunya ce. Ba ta iya haɗa ido da ni."

Saƙo ya zo cewa mota za ta iso ranar Alhamis, ranar da kasuwarmu take ci. Gari ya taru a ƙofar gidansa. Ya fito da babbar riga, gashin baki ya sha mai har yana ƙyalli, ya kuma ɗauko Ayanlowo da yaransa su yi wa motar tarba. Can sai ga ta, sabuwa fil, shuɗiya, tana walƙiya. Ta tsaya. Direba ya sauko da takarda, Baba Landan ya miƙa hannu karɓar makulli.

"Wane ne Ayanlowo?" in ji direba.

"Makaɗina ne. Kawo."

Raimi ya riga ya zagaya gefen motar, yana bin rubutun da yatsa, yana karantawa da ƙarfi yadda na bayan kasuwa ma za su ji: "A-yan-lo-wo da 'Ya'-yan-sa, Ma-ka-ɗan O-ke I-de-ra."

Ayanlowo ya saki gula. "Mu? Mu da ko takarda ba mu cike ba?"

Direba ya duba takardarsa. "An cike muku. Ga sunanku nan da manyan baƙaƙe, an ja masa layi biyu, an rubuta cewa duk ƙasar nan ba kamarku. Wani Ladejo Oyewusi ne ya sa hannu."

Baba Landan ya tuna. Shi ya rubuta su a gurbin makaɗa tun ranar da ya cike takardar, don ya burge hukuma. Ya waiga neman hanyar shiga gida, sai ya ga jama'a sun dare gida biyu, ga wanzami a tsaye yana wasa aska a tafin hannu, ga tsoho Ayandokun ya kawo kujera da kansa.

A tsakiyar kasuwa aka yi, kamar yadda ya ce a shaida. Bai yi gardama ba, wannan kam a ba shi. Ya zauna ƙyam, ido a rufe, hawaye biyu suka gangaro inda gashin yake a da. Wannan ne kukan da Hawayen Sarki ya samu a ƙarshe, kuma har Raimi sai da ya kau da kai.

Matsala ɗaya ta rage. Gidan su Ayanlowo yana cikin lungu, ko keke sai an ɗaga. Duk garin nan wuri ɗaya ne aka tanada domin motar, da tsakuwarsa da rumfarsa. Iya Folu ce ta yi maganar, ba ta ko nemi shawarar kowa ba: mota ta kwana a gidanta, su kuma su gina mata sabuwar rumfar amala, kuma duk inda za su je wasa da ita za a tafi ta sayar da abinci.

Yanzu kullum da safe makaɗa bakwai ke zuwa ɗaukar motarsu, kuma makaɗi ba ya shiga gidan mutum shiru. Sun yi wa maigidan take nasa na kansa, mai ambaton sarkin madara da gawar da ta gaida suruki. Dole ya fito, tun da an kira shi, kuma dole ya liƙa wani abu, tun da maƙwabta na kallo. Sai su ɗauki matarsa da tukwanenta su tafi, su bar shi da tsintsiya.

Rannan wani baƙo mai sayar da magani ya biyo ta unguwar da yamma, ya ga motar a ƙarƙashin rumfa, ya ga dattijo na goge mata fitila da tsumma.

"Baba, sannu da aiki. Wannan zankaɗeɗiyar taka ce?"

Raimi ya ajiye famfon keke ya kasa kunne. Baba Landan ya kai hannu zai murza gashin baki, yatsunsa suka kama iska. Ya dubi motar, ya dubi baƙon, ya jawo masa benci.

"Zauna, ɗana," ya ce. "Ka taɓa zuwa Landan?"